Albashi na nan inda yake, cefane ya ninka: ta ina za a toshe ɓarakar kuɗin gida?

Hajiya Babba:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maudu'inmu na wannan makon shi ne tsimi da tanadi a gida. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 babu abin da ya zauna a farashinsa, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, shi ma ba kowa ya gani ba. Mu ɗauki gida mai mutum 8, miji da mata da yara 6. Ta ina kuɗi ke zurarewa, kuma yaya za a toshe? Don Allah ban da "a yi haƙuri" da "a rage buri", waɗannan mun haddace su. A kawo lissafi da yadda ake yi.

Malam Sabo Mai Awo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Babbar ɓarakar tana wajen awo. Mai sayen gwangwani-gwangwani kullum shi ya fi kowa cin abinci da tsada, don hatsin ya ratsa hannun manomi da dillali da mai sari a Dawanau da mai shagon unguwa kafin ya iso tukunyarsa, kowa ya ɗora ribarsa da kuɗin mota da na dako. Buhun masara mai kilo 100 yana ba da tiya 40 ko kusa da haka. Kowa ya tambayi kuɗin tiya a shagon layinsu, ya ninka sau 40, ya ajiye kusa da kuɗin buhu a kasuwar hatsi. Bambancin da ya gani shi ne harajin da yake biya saboda sayen ƙulli.

Amma kafin a ruga sayen buhu sai an san cin gidan. A sami kwano ɗaya, shi kaɗai za a riƙa awo da shi, a rubuta abin da aka ɗiba kullum har kwana 7. Yawancin gidaje ba su san ko tiya nawa suke ci a mako ba, shi ya sa buhu ke ƙarewa a fara zargin juna. Kuma a cire asarar surfe a lissafi: masara idan aka surfa ta, ɗaya cikin biyar ko fiye yana tafiya a dusa. Dusar nan kuɗi ce, kada a bar wa mai inji. A kawo ta gida a ba kaji ko akuya, ko a sayar wa masu kiwo.

Ƙanin Kowa:
Malam Sabo, da girmanka, amma wannan shawarar masu albashi ce. Mai tura baro ko mai faci da ke samun na yau ya ci yau, ina zai ga kuɗin buhu? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Malam Sabo Mai Awo:
Gaskiyarka ƙanena, amma buhu ba sai mutum ɗaya ya saya ba. Gida 4 su haɗa, kowa ya tashi da tiya 10. A tafi da mutum biyu kasuwa, a raba a ranar a gaban kowa da kwano ɗaya, kuɗin mota da dako a raba daidai. Abin da ke kashe irin wannan haɗakar abu biyu ne: a bar kayan su kwana a gidan mutum ɗaya, ko a ce wani zai biya daga baya. Wanda kuɗinsa bai cika ba ya ɗauki tiya 5, wani ya ɗauki 15.

Sai lokacin saye. Gero yana fara shigowa tun ƙarshen damina, masara ta biyo, dawa da wake sai wajen Nuwamba da Disamba. Kada a yi ɗokin kayan farko. Sabon hatsi da ruwa a jikinsa, ka saya da nauyi ya bushe a hannunka ya rage, idan ka ɗaure shi a haka kuma ya yi funfuna. A bari iskar hunturu ta buga shi. A kasuwa a soki buhu sama da tsakiya da gindi, don algus a gindi yake kwana, tsakuwa da ƙaiƙayi da tsohon hatsi. Kwanon awo kuma a juya shi a duba ƙasansa, bugagge ba ya cika tiya.

Ɗan Boko:
Ina da ja a kan wannan maganar ta "sayi da kaka". Ba doka ba ce. Waɗanda suka cika sito da masara a kakar 2024 suna jiran damina, da yawansu sun tafka asara a 2025, don farashi sauka ya yi maimakon ya hau. Daga cikin dalilan har da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 da gwamnati ta sanar a Yulin 2024. To idan mutum ya kwashe ɗan abin da yake da shi ya sayi buhu 6, farashi ya faɗi, ciwo ya zo, me zai kai asibiti, masara?

Malam Sabo Mai Awo:
Malam Ɗan Boko, ka haɗa mai ajiya don riba da mai ajiya don ci. Ɗan kasuwa ne ya yi asara, don shi sayarwa zai yi. Magidanci ko farashi ya sauka tuwonsa na nan, kuma ya tsira daga ribar mai shago ta kullum. Inda na yarda da kai shi ne kada a ci bashi a sayi hatsin shekara, kada kuma a zuba duk kuɗin hannu. Na wata 3 zuwa 4 ya isa ga mai ƙaramin ƙarfi, a daidaita shi ya kai mutum marka, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Malamin Gona:
Ni abin da zan ƙara shi ne ajiya, don nan ne ribar saye da kaka ke mutuwa. Ka sayi wake da arha, bayan wata 2 ka buɗe ka tarar duk huji, gari na zuba, ka ga an yi ba a yi ba.

Da farko a tabbatar ya bushe. Gwajin haƙori: ƙwayar masara ko wake idan ta bushe tana fashewa ƙas, ba ta lotsawa. Gwajin gishiri ya fi: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, a sa cokali 2 na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana.

Sannan buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi. Leda biyu ce masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba ya buƙatar magani ko kaɗan, ƙwarin ne ke shanye iskar da ta rage a ciki su mutu da kansu. Kafin a zuba komai, a hura wa kowace leda iska a matse bakinta a danna, idan tana saki to ta huje, ba ta da amfani. A sa ɗaya a cikin ɗaya, a sa su a buhun, a zuba waken a hankali ana girgizawa don ya zauna. A bar wajen taƙi ɗaya a sama. A matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki, a lanƙwasa shi a ɗaure. Sai ta biyu daban, sai buhun daban. Masu haɗa bakin uku su ɗaure da igiya ɗaya su ne ke dawowa su ce buhun ƙarya ne. A ɗora kan katako, kada ya taɓa bango, don ɓera na huda shi aiki ya ɓaci. Kuma ba a buɗe shi kullum a ɗibi na girki. A ware na wata guda a wani mazubi, sauran a bar su a rufe.

Wanda bai samu buhun ba, jarka mai lita 25 da aka wanke ta bushe tana aikin, in dai an cika ta har wuya an sa leda a murfin an ɗaure tam. Rabin jarka ba ya yi, iskar ta yi yawa. Kada dai a yi da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi.

Maman Walida:
Malam, ƙwayar maganin nan da ake ƙullewa a tsumma a jefa cikin buhu fa? Ita aka fi sani, kuma ta fi buhun arha.

Anti Nas:
Maman Walida, ki rufa wa kanki asiri. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska take sakin guba, kuma gubar tana ratsa buhu ta cika ɗaki. An yi ta ne don sito da ake rufewa a bar shi, ba ɗakin da yara ke kwana ko kicin ba. Ta kashe iyalai a cikin barci. Haka Sniper da wasu ke yayyafa wa wake, sinadarin da ke cikinsa shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Garin neman gira kada a rasa ido. Idan wake ya fara ƙwari, a shimfiɗa baƙar leda a rana tsaka, a baza shi siriri, a rufe da farar leda mai nuna ciki a danne gefuna da duwatsu, awa 2 zafin zai kashe ƙwarin har da ƙwansu. In ya huce sai a ɗura a jarka.

Gyaɗa da masara kuma duk wadda ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore ko ɗaci, a tsince a zubar. Funfunarsu na haifar da gubar da ke lalata hanta, dafuwa ba ta kashe ta. Ba a tsimi da wannan, ko kaji kada a ba. Gyaɗa ta fi daɗewa a cikin ɓawonta.

Baba Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan wajenmu akwai bankin cimaka, gari ya tara hatsi da kaka, in damina ta yi tsakiya a saida wa mutanen gari da rangwame. Akwai kuma tsarin da manomi zai aje buhunansa a sito mai makulli biyu, ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen mai ba da rance, ya amshi kuɗi ya yi sana'ar rani, in ya biya ya ɗauki kayansa lokacin da sun yi daraja. Inda abin ke lalacewa shi ne in aka ba da hatsin bashi ga dangi da masu faɗa a ji, kaka ta zo ba a maido ba. Shekara biyu sito ya zama wayam. Unguwa guda a birni za ta iya yin irinsa da buhu 20, in an samu mai riƙon littafi da ba ya jin kunyar cewa a'a.

Maman Walida:
To ni bari in shigo kicin, don duk abin da kuka sayo nan yake ƙarewa. Kayan miya sun fi hatsi cin kuɗi idan aka tara na wata, saboda kullum ne. Tumatir yana arha daga Janairu zuwa Maris lokacin da na rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura, da an shiga Mayu da Yuni sai ya zama na masu hali. A sayi kwando a lokacin, a yanka biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga sama, a rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura. Cikin ya kalli sama. Sai ya bushe har yana karyewa kafin a ɗura, in da saura laushi zai yi baƙi. Tattasai da attaruhu ma haka, amma su a tsaga su kawai. Ranar girki a jiƙa a ruwan ɗumi minti 30 a markaɗa da ɗanyar albasa, launin yana dawowa. Kuɓewa, kuka, karkashi, yakuwa, zogale, duk na shanyawa ne, ganye dai a inuwa ba a rana ba.

Manja ya fi sauƙi daga Fabrairu zuwa Mayu, ya hau wajen ƙarshen shekara, kuma yana ajiyuwa a jarka a rufe nesa da rana. Albasa ce mai wuyar sha'ani. Kada a bar ta a buhu, a baza a kan wani abu mai iska ta ƙasa, a zaɓi mai busasshen wuya, duk mako a tsince mai laushi. Ko an yi haka tana ragewa, na wata 2 ko 3 ya isa.

Nama kuwa a rage dogaro da shi. Tiya ɗaya ta waken suya tana ba da awara mai yawa, ga madara, dusarsa ma ana sa ta a ɗanwake ko a ba kaza. Daddawa mai kyau tana rage yawan magi. Ga masu son nama duk da haka, watanda ta fi sayen kilo-kilo, in dai akwai inda za a ajiye ko za a soya a shanya.

Anti Nas:
Masu dafa markaɗe su ɗura a kwalba su lura. Tumatir zalla ake yi wa haka, ban da albasa da tattasai, don su ba su da tsamin da ke hana ƙwayar cuta girma a rufaffen wuri. A dafa ya yi kauri, a tafasa kwalaben da murafensu, a sa cokali 2 na ruwan lemon tsami a kowace lita, a ɗura da zafinsa, a rufe, a jera a tukunya ruwa ya shanye kansu a tafasa minti 45. Duk wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Injiniya:
Makamashi. Gas tukuna. Kowace tukunyar gas akwai nauyinta ba komai a ciki da aka buga a jikin hannunta ko gindinta, da haruffan TW. A ce an rubuta 14, ka sayi kilo 12.5, sikeli ya nuna 26.5. A auna kafin a ɗura, a auna bayan an ɗura, a gabanka. Ƙaramin sikelin rataya na kasuwa ya isa. A kaɗa ruwan omo a shafa a bakin tukunya da mahaɗar tiyo, in ya yi ƙwai-ƙwai yana yoyo, kuɗi ne ke fita, ga haɗari. Wuta ta zama shuɗiya. In ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe, a cire a wanke a bi su da allura.

Abin da yawancin masu girki ba su yarda da shi ba: da ruwa ya tafasa, ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi, tururi kawai yake ƙarawa. A rage wuta, a rufe tukunya. Wake a jiƙa shi awa 6 zuwa 8, lokacin dahuwarsa na raguwa sosai. Ganda da ƙafar sa da dahuwar zogale a kai su kan kurfoti, gas na shayi ne da ɗumame da abin sauri.

Akwai kuma dahuwar lulluɓi. Shinkafa ta tafasa minti 5, a sauke da murfinta a rufe, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa cikin kwando ko kwali, a danna matashi a sama. Minti 40 ta nuna, ba ta kamawa. Jiƙaƙƙen wake ya tafasa minti 20, a lulluɓe awa 2 zuwa 3. Sharaɗi, tukunyar ta kusa cika kuma kada a buɗe a leƙa. In ta wuce awa 4 a lulluɓe, a sake tafasawa kafin a ci.

Ƙanin Kowa:
Injiniya, wa zai iya gaya wa uwargida ta naɗe tukunya da bargo? Sai ta ce an mayar da ita mai jego.

Maman Walida:
Ƙanin Kowa, uwargidan da ke riƙe da kuɗin gas ba sai an gaya mata sau biyu ba. Matsalar ku maza ku ke riƙe kuɗin, ku ba da na cefane kullum da safe ƙididdige, sannan ku ce mata ba su iya tattali ba. Wadda ba ta san nawa ne na wata ba yaya za ta tsara wata? A zauna a faɗa mata abin da ake da shi, a ba ta makullin sito, abin da ta rage a bar mata wani kaso. A gwada wata 2 a gani.

Malam Na Zaure:
Maganar Maman Walida tana kan hanya. Kuma don kada wani ya ji nauyi, ajiye abincin iyali ba shi ne ɓoye abinci da aka hana ba. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ware wa iyalinsa abincin shekara. Wanda aka hana shi ne tare kaya a lokacin da mutane ke buƙata don farashi ya tashi. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Don haka magidancin da ya rage kwanon gida alhali shayinsa da tsirensa na majalisa ba su ragu ba, wannan ba tsimi yake yi ba, tauye haƙƙi ne.

Injiniya:
Sai wuta, ga masu mita mai kati. Unit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi aiki awa guda. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60, guda 6, awa 6 kullum, a wata unit 65 ne. Na zamani mai wat 9 a irin wannan aikin bai kai unit 10 ba. A farashin naira 225 kan kowane unit da aka sa wa 'yan Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024, bambancin ya haura naira 12,000 a wata, daga ƙwai kawai. Duk abin da ke kawo zafi shi ne ɓarawon unit: dutsen guga, hita, butar lantarki, risho na wuta. Guga a tara ta mako a yi zama ɗaya, a fara da masu kauri, a kashe dutsen a ƙarasa marasa nauyi da sauran zafin. Ruwan wankan yamma a cika baƙar jarka a ajiye a rana tun hantsi.

Firji a gwada robar ƙofarsa: a saka takarda a rufe a kanta a ja. In ta zare ba tirjiya, sanyi na fita, injin ba zai huta ba. Ƙanƙara in ta yi kauri a bango a kashe a narkar, kada a sassaƙa da wuƙa, nan ake huda bututun gas. Wanda ba shi da firji, tukunya cikin tukunya da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana riƙe tumatir da ganye kwanaki: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, yashi a tsakani, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Da rani take aiki, da damina iska ta riga ta jiƙe, ba ta sanyi sosai.

Janareta kuwa lita ɗaya ta fetur da ƙyar take ba da unit 2 a ƙaramin inji. Kunna shi don cajin waya da ƙwai biyu asara ce, fitilar sola mai wurin caji ta fi. Kuma shi da kurfoti kada su kwana a rufaffen ɗaki, musamman da sanyi, hayaƙinsu mai kisa ba ya wari.

Ɗan Boko:
Akwai ɓarakar da ba a gani saboda ƙanana ce, ta waya. Rancen kati ko na data, kamfani yana cire wajen kashi 15 tun kafin ka taɓa. Mai rance sau 4 a wata ya lissafa. Data ta wata guda kuwa tana ƙarewa a mako ɗaya in ba a shiga saitin WhatsApp an hana shi sauke hoto da bidiyo da kansa ba, a kuma hana bidiyon Facebook tashi shi kaɗai. A riƙa duba saura da *323#. In kati na raguwa ba kira, akwai wani tsarin waƙar kira ko saƙonni da aka yi rajista ba a sani ba, a kira kamfani a soke. Saƙonnin talla kuma a tura STOP zuwa 2442.

POS ma haka. In mai POS ya cire 100 a kan 2,000, kashi 5 ke nan, mai yin haka kullum ya ba da 3,000 a wata. A ciri na mako a zama ɗaya. Amma fa wannan na mai iya riƙe kansa ne, wani in kuɗi na aljihu sai sun ga bayansa.

Hajiya Babba:
To abin da aka rage a ina za a ajiye shi? Asusu, banki ko adashi?

Ɗan Boko:
Hajiya, tsabar kuɗi ba ta ajiyuwa da daɗewa yanzu. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wato wanda ya fasa asusu a Disamba ya tarar da kuɗinsa cif amma abin da za su saya ya zaizaye. Adashi ma mai ɗaukar ƙarshe shi ke ɗaukar wannan asarar, don haka kada zagaye ya wuce wata 5 ko 6, a yi ƙuri'a wajen jeri, a rubuta kowane zubi, kuma uwar adashi kada kuɗi su kwana a hannunta. A daidaita kwasa da abin da za a saya: mai son hatsi ya nemi Nuwamba, mai kuɗin makaranta ya nemi Agusta. Na ko-ta-kwana kawai za a bari tsaba, kamar cefanen wata guda, a wani asusun banki da ba shi da kati a aljihu.

Malamin Gona:
Masu sayen rago tun da wuri don layya su ma su yi lissafi. Wata 4 na harawa da dusa da magani, in duk saye za a yi a birni kuma da bazara, yana iya cinye bambancin. Yana biyan wanda ke da dusar surfensa da ɓawon wake da inda zai ɗaure. In ba haka ba, mutum 7 su haɗu a sa guda.

Anti Nas:
Abu ɗaya da ba a rage masa: magani. Na zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani sha 6 ne a kwana 3, mai sayen rabin kati don ya ji sauƙi zai dawo ya sayi cikakke har da ƙarin ruwa. Inda ake ragewa shi ne a yi gwaji kafin a saya, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba, a kuma tambayi mai kemis maganin da sunan sinadarinsa, mai lambar NAFDAC, ba sunan kamfani mai tsada ba. Gidan sauro a ɗinke hujinsa kafin ruwan farko.

Ƙanin Kowa:
Duk kun kewaye giwar. Anko fa? Gidan da ya shanya tumatir wata 3 don ya rage dubu kaɗan, biki ɗaya ya zo, atamfa da ɗinki da gudummawa da kuɗin mota sun kwashe har da uwar kuɗin.

Maman Walida:
Wannan ba a kicin ake gyara shi ba, a taron dangi ne. Mace ɗaya in ta ƙi yin anko ita za a yi da ita, amma in manyan gida suka ce launi kawai za a fitar kowa ta sa wanda take da shi, magana ta ƙare. Gudummawa kuma biki ce, ana rubutawa, wadda aka kawo miki sai kin mayar, ba ta yankuwa rana ɗaya. Abin da za a iya shi ne a ware mata kaso tun farkon wata, in ya ƙare a je da ƙafa da addu'a.

Malam Sabo Mai Awo:
Malamin Gona, tambaya kafin a tashi. Shinkafa shanshera za a ajiye ko a gyara ta tukuna? Buhun shanshera in an yi gumi an kai inji, abin da ke fitowa bai fi kashi 60 zuwa 65 cikin 100 ba, wasu na ganin arhar buhu su manta da wannan.

Malamin Gona:
A bar ta a shanshera, ɓawon yana kare ta daga ƙwari. A riƙa fitar da na wata guda ana gyarawa. Bayan gumi a shanya ta rabi a rana a ƙarasa a inuwa, in ta bushe da sauri a rana mai zafi ƙwayar na tsagewa, a inji ta fito duk gutsattsari.